Wanki da Guga a Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu shirin hawa manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, irin masu tashi daga Jidda ko Dubai ko Basalona ko Miyami, waɗanda mutum kan kwana bakwai ko sha huɗu a ciki, wani zubin ma fiye da wata uku. Farashi da ƙa'idoji suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka abin da kamfanin jirginka ya rubuta a takardar tikitinka shi ne hukunci na ƙarshe.

Akwai wurin da fasinja zai yi wanki da kansa a cikin jirgi?

Ya danganta da kamfanin, wani lokaci ma da jirgin kansa. Kamfanoni irin su Princess da Cunard da P&O ta Ingila da Disney da Viking da Oceania da Azamara suna da ƙananan ɗakunan wanki na fasinjoji, da injin wanki da injin busarwa da teburin guga. A wasu jiragen kusan kowane bene da ke da ɗakunan kwana yana da nasa, a wasu kuwa ɗaya ne ko biyu ga jirgin duka. Yawancin jiragen Carnival ma suna da shi, sai dai sababbin manyansu, irin su Mardi Gras da ya fara aiki a 2021, ɗakin guga kawai aka yi musu.

Royal Caribbean da Celebrity da Norwegian ba su da irin wannan ɗaki ga fasinja. Haka ma MSC, wanda jiragensa ke zagaya Dubai da Abu Dhabi da Doha a lokacin hunturu. A irin waɗannan jirage hanya biyu ce ta rage maka: ko ka ba ma'aikatan jirgi su wanke maka ka biya, ko ka wanke da hannu a banɗakin ɗakinka. An yi bayanin kowace a ƙasa.

Me ya sa jirgi mai ɗaukar mutum dubu biyar zai rasa ɗakin wanki?

Ba mantuwa ba ce, lissafi ne. Filin da injuna huɗu da teburin guga za su ci ya isa a yi ɗakin kwana guda da za a riƙa sayar da shi kowane mako. Ga kuma kuɗin da kamfani ke samu idan ka ba shi wankin. Sannan jiragen da tafiyarsu ba ta wuce kwana uku zuwa bakwai suna ɗauka cewa akwatinka zai ishe ka, su kuwa masu doguwar tafiya sun san ba wanda zai ɗauko kayan sawa na kwana ɗari.

Wani dalilin kuma shi ne gobara, kuma za ka ga ya sake fitowa a kusan duk dokar da ta shafi wanki da guga. Injin busarwa yana tara burbushin zare mai saurin kama wuta, dutsen guga kuma ana iya manta shi a kunne. A teku ba motar kashe gobara da za a kira.

Ta yaya zan tabbatar tun kafin in biya kuɗin tikiti?

Nemi sunan jirgin, ba sunan kamfanin kaɗai ba, ka buɗe taswirar benayensa a shafin kamfanin na intanet. Ɗakin wanki yakan fito a taswirar da suna irin Launderette, a tsakanin ɗakunan kwana. Idan ta hannun ejan ka sayi tikiti, ka ce ya tambayo maka a rubuce, domin ejan da yawa sukan amsa da "akwai wanki" suna nufin wanda ake biya.

Tunda taswirar na gabanka, duba nisan ɗakinka da wurin. Kusa yana da daɗi, amma ɗakin da ke jikin bangon ɗakin wanki yakan sha ƙarar ƙofa da hirar masu jiran layi.

Nawa ake biya, kuma da wane irin kuɗi?

A Cunard da Viking da Oceania da Azamara kyauta ne, har sabulun ma akan tanada. A P&O injin kyauta ne amma sabulu naka ne. A Princess da Carnival da Disney ana biya, kuma abin ya fi tsayawa tsakanin dala 3 zuwa 4 na wanki ɗaya, busarwa ma kusan haka, ƙaramin ƙunshin sabulu kuma dala 1 zuwa 2. Ke nan lodi guda, daga wanki har busarwa, ka ware masa kamar dala 7 zuwa 10.

Zamanin zuba kwabbai ya kusa wucewa. Yanzu katin ɗakinka ne kuɗinka: ka goga shi a jikin injin, ko ka sayi 'yan ƙarafan da ake zubawa daga wata na'ura da ke bango, kuɗin ya hau asusunka na jirgi wanda za a cira a ƙarshen tafiya. Mai amfani da katin banki na naira ko sefa ya tuna cewa asusun jirgi da dala ko yuro ko fam yake tafiya.

In taho da omo daga gida ne?

Taho da sabulu, amma ka zaɓi irin da ba zai ba ka wahala a filin jirgin sama ba. Na ruwa ba ya wuce mililita 100 a jakar hannu, a babban akwati kuma yana iya fashewa ya ɓata kaya. Farin gari da aka juye a leda marar suna yana jawo tambayoyin jami'an kwastan ba gaira ba dalili. In garin kake so, ka ɗauko ƙananan ƙunshi a cikin ledarsu ta kamfani. Mafi sauƙi shi ne sabulun nan da ake yi falle-falle kamar takarda, ba nauyi, ba zuba, yana narkewa a ruwa. Sabulun sanda guda ɗaya ma yana aiki sosai, musamman ga wuyan riga da hannuwanta.

Bilic kuwa ka bar shi a gida. Ɗigo ɗaya a kan kafet ɗin ɗaki ya isa a caje ka, ragowarsa a cikin inji kuma ya ɓata kayan wanda zai biyo bayanka. Duba kuma amsar da ke kan ruwan jirgi kafin ka yanke yawan sabulun da za ka zuba.

Wane lokaci ne ba a cika samun layi ba?

Ranar da jirgi ya tsaya a tashar wani gari, bayan jama'a sun watse yawo, ɗakin wanki yakan zama fayau. Wanda ya dawo da wuri, ko wanda dama bai yi niyyar sauka ba, shi ke morewa. Lokacin cin abincin dare da lokacin wasan da ake yi a babban zaure su ma suna da sauƙi. Masu tashi sallar asuba suna da riba a nan, in dai an buɗe wurin; wasu jiragen suna rufe shi da dare su buɗe da safe, kuma akan rubuta lokutan a jikin ƙofa.

Ranakun da jirgi ke yini a teku ba tsayawa su ne na cunkoso, musamman daga hantsi zuwa azahar, da yammacin daren da ake sa kayan ado, lokacin da kowa ke neman dutsen guga. Ranar teku ta ƙarshe kafin sauka ita ce mafi muni. A tafiya irin ta Queen Mary 2 daga Southampton zuwa New York, wadda kwana bakwai ce ba tsayawa ko'ina, babu ranar tasha da za ka jira, sai dai ka yi sammako.

Idan na tarar da kayan wani sun gama amma bai zo ya kwashe ba fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi haddasa cacar baki a jirgi. Abin da aka saba shi ne a jira kamar minti biyar zuwa goma, sannan a kwashe kayan a zuba a kwando mai tsabta ko a kan tebur. Kada ka saka wa wani kayansa a injin busarwa da sunan taimako, domin ba ka san wanne zafi zai lalata ba. Kada kuma ka tsayar da injin da bai gama ba, ko da ka ga kamar kayan sun bushe.

Kai ma ka sa ƙararrawa a wayarka. Wanki yakan ci minti 30 zuwa 45, busarwa minti 45 zuwa awa ɗaya. Duk wanda ba ya son baƙo ya taɓa masa kayan ciki, ko na iyalinsa, to ya riga injin tsayawa. Kame injuna uku a lokaci guda alhali mutane na tsaye rashin ta-ido ne, ko da ba dokar da ta hana. Kafin ka kunna injin busarwa, zaro matatar da ke bakinsa ka share burbushin zaren; kaya sun fi saurin bushewa, haɗarin wuta kuma ya ragu.

Jirginmu ba shi da ɗakin wanki. Yaya ake wanki da hannu a wannan ɗan banɗakin?

Sirrin shi ne kaɗan-kaɗan, kullum. Banɗakin jirgi ba ya ɗaukar tulin wankin mako, amma yana ɗaukar singileti da kamfai da safa da riga ɗaya marar nauyi kowane dare ba tare da ka ji a jikinka ba. Wanda ya tara sai kwana na shida, shi ne zai wayi gari ɗakinsa ya cika da jiƙaƙƙun kaya ba wurin shanya.

Kwanon wanke hannu ƙarami ne, kuma matoshinsa ba kullum yake riƙe ruwa ba, don haka wasu kan taho da faffaɗar robar toshewa. Wata dabarar ita ce jakar leda mai kauri mai zif, ko jakar nan da masu ninƙaya ke sa kaya don kada ruwa ya shiga: ka zuba kaya da ruwa da ɗan sabulu, ka rufe, ka bar su su jiƙa minti goma, ka cuɗa ta daga waje, sannan ka ɗauraye a ƙarƙashin shawa. Ruwan wankin a zubar da shi ta magudanar shawa ko kwanon wanke hannu, ba a cikin masai ba. Masan jirgi da ƙarfin iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne, safa ɗaya da ta kuɓuce ciki tana iya toshe layin ɗakuna da dama.

Matakin da mutane ke tsallakewa shi ne na tawul, alhali shi ne ya fi rage lokacin bushewa. Bayan ka matse rigar da hannu, shimfiɗa ta a kan busasshen tawul, ka naɗe su tare tamau, ka taka ko ka danna da gwiwa. Tawul ɗin zai shanye mafi yawan ruwan. Ma'aikacin da ke gyara ɗakinka zai ba ka ƙarin tawul in ka roƙa, ba sa ƙyashi. Amma tawul ɗin jirgi fari ne, don haka kayan da ke zuba, irin sabuwar atamfa ko rinin baba, kada a naɗe su a ciki. Duba amsar da ke kan kayan gida.

Me ya sa kumfa ba ta ƙarewa, ina ta ɗauraya kaya na santsi?

Ruwan ne. Mafi yawan ruwan da jirgi ke amfani da shi daga teku ake ɗebo shi a cire masa gishiri, ko ta hanyar tafasa shi da zafin injuna a tara tururin, ko ta tura shi da ƙarfi ta cikin matatu masu ƙanƙanan ƙofofi. Ruwan da aka samu ta haka ba shi da yawan ma'adinan da ke cikin ruwan rijiya ko na burtsatse, waɗanda su ne ke kashe kumfa. Shi ya sa sabulun da ka saba zubawa a gida ya yi yawa a nan. Fara da rabinsa, ko ma ƙasa da haka. A inji ma haka ne, musamman mai ƙofa a gaba, wanda kumfa in ta yi yawa takan tsayar da shi ko ta malalo ƙasa.

Ina zan shanya? Ɗakina yana da baranda, ga rana ga iska.

Barandar ce wurin da bai kamata ba, kuma yawancin kamfanoni sun hana. Jirgi yana tafiya, iska tana da ƙarfin da za ta ɗauke riga ta jefa a teku ko a barandar wani. Iskar kuma ɗauke take da gishiri, kayan za su bushe da ɗanko-ɗanko, wani lokaci da baƙin toka daga hayaƙin jirgi. Babban dalilin dai shi ne wuta. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi a wata baranda ta jirgin Star Princess yana kan hanyarsa zuwa Jamaika, ta ci ɗakuna masu yawa, fasinja ɗaya ya rasu. Masu bincike sun fi kyautata zaton guntun taba sigari ne da aka yar ya faɗa kan abin da ke kama wuta. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin duniya kan kayan da ake gina barandar jirgi da su. Tawul ko riga da aka bari a waje abinci ne ga irin wannan guntun taba daga benen sama.

A cikin shawa akwai igiyar shanya da ake jawowa daga wani ɗan ƙarfe a bango a maƙala ta a ɗaya gefen. Mutane da yawa sukan gama tafiya ba su lura da ita ba. Nan za ka bar kaya su tsane. Sai dai banɗaki ba iska, don haka da sun daina ɗiga ka sa su a hanga ka fito da su cikin ɗaki, inda na'urar sanyaya ɗaki ke busar da iska. Bangon ɗakunan jirgi da rufinsu galibi ƙarfe ne, saboda haka ƙugiyoyi masu maganaɗisu suna kamawa, kuma biyu ko uku masu ƙarfi sun isa su riƙe hanga ko siririyar igiya.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: rataya hanga a jikin ɗan kan famfon kashe gobara da ke rufin ɗaki. Ɗan gilashin da ke cikinsa yana fashewa da ƙaramin taɓi, ruwa ya cika ɗakin. Haka nan kada a rufe fitila da jiƙaƙƙen kaya, kada kuma a kunna na'urar busar da gashi a cusa ta cikin riga a tafi.

Zan iya tahowa da ƙaramin dutsen guga na tafiya?

A'a. Kusan duk kamfanoni sun hana dutsen guga a ɗaki, yawancinsu har da na'urar guga ta tururi. Ana haska akwatuna a tasha kafin a kai su ɗakuna. In aka gani, akwatinka zai makara, a kira ka ka buɗe, a riƙe dutsen sai ranar sauka. Inda akwai ɗakin wanki, akwai dutsen guga da tebur kyauta, kuma dutsen yana kashe kansa bayan ɗan lokaci. Goga shi a kan tsohon ƙyalle tukuna, domin ba ka san abin da na gabanka ya ƙona da shi ba. Inda babu, sai ka ba da guga kaɗai a yi maka, wanda ya fi wanki da guga araha.

Ga yamutsewa marar yawa, rataya rigar a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi, ko ka yayyafa mata ruwa ka ja ta da hannu ka bar ta a hanga ta kwana. Wannan yana yi wa abaya da jallabiya da yadi marar nauyi. Ba ya yi wa kayan da aka sa wa sitaci.

To shadda da babbar riga da leshi fa? Ina so in sa su daren ado.

Sa su, za su yi kyau, kuma kamfanonin da ke da daren ado, har da masu tsauri irin Cunard, suna karɓar kayan gargajiya na ƙasar mutum. Amma shawarata ita ce kada wankinsu ya taso a cikin jirgi sam. A wanke, a sa sitaci, a buga ko a goge tun daga gida, a ninke da takarda a tsakani, a sa a saman akwati, ka rataye su da zarar ka shiga ɗaki. Ka sa singileti ko 'yar ciki a ƙarƙashi don gumi ya tsaya a nan, bayan an tashi daga liyafa ka cire ka rataye. Riga ɗaya za ta yi maka dare biyu ko uku a haka.

Injin wanki da na busarwa suna kashe ƙyallin shadda, zafi yana tsuke zaren aiki ya tattare wuyan riga, duwatsun leshi kuma suna zubewa ko su kama wasu kaya. Ma'aikatan wankin jirgi ƙwararru ne a kan kwat da rigunan Turawa, amma ba lalle su taɓa riƙe babbar riga ba, balle su san yadda ake ninke ta. Babu mabugi a teku. In miya ta ɗiga, goge wurin kaɗai da ruwan sanyi da ɗan sabulu a bakin farin ƙyalle, sauran a bari sai an koma gida.

Atamfa ta fi haƙuri. Wadda aka riga aka wanke sau da yawa za ta shiga inji da ruwan sanyi ba matsala, a shanya ta a hanga maimakon injin busarwa. Sabuwa kuwa a wanke ta ita kaɗai da hannu, a ɗauraye kwanon nan take kafin launi ya zauna. Hula, zanna ce ko kube, ba ta shiga inji ko kaɗan. A taho da biyu.

Idan na ba ma'aikatan jirgi wankin, yaya abin yake?

A cikin kabad ɗin ɗakinka akwai jaka da takardar da aka jera kaya da farashin kowanne. Ka cike, ka ƙirga, ka bar wa mai gyaran ɗaki. Abin da aka karɓa da safe yakan dawo washegari da yamma. Na gaggawa a rana ɗaya akan ƙara masa kusan rabin kuɗin. Biyan ɗai-ɗai yana da tsada, safa da kamfai ma kowanne da kuɗinsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne tayin cika jaka a kuɗi ɗaya, wanda jirage da yawa kan fitar a tsakiyar tafiya. Naɗe kayan maimakon ninkewa, jakar ta fi ɗauka, amma in ta takarda ce kada ka cusa har ta yage. Masu manyan ɗakuna da waɗanda suka daɗe suna hawa jiragen kamfani ɗaya, irin masu matakin Elite a Princess, sukan samu wankin kyauta.

Ka san dai inda kayan za su. Babban wurin wankin jirgi yana can ƙasa, inda ake wanke dubban zannuwan gado da tawul da rigunan ma'aikata dare da rana, kuma ruwan zafi da busarwa mai zafi su ne al'adar wurin. Sukan manna wa kowane kaya 'yar alama mai lamba don kada ya ɓata. Wandon jins, singileti, safa, kayan barci da kayan yara duk za su dawo lafiya. Abin da kake tsoron ya tsuke ko ya koɗe, riƙe abinka. Ɗauki hoton kayan da na takardar kafin ka miƙa, kuma ka lalube aljihu, musamman saboda katin ɗaki.

Ta fuskar tsarki fa? Injin da kowa ke amfani da shi, da ruwan da aka tace daga teku, sun halatta ga kayan salla?

Ruwan teku mai tsarki ne kuma mai tsarkakewa, wannan sananne ne a hadisi, cire masa gishiri kuma bai canza hukuncinsa ba. Game da injin, asalin abubuwa tsarki ne, ba a gina hukunci a kan zato, kuma injin yana ɗauraye kansa da sabon ruwa a kowane zagaye.

Inda ya kamata a kula shi ne kayan da ka san najasa ta taɓa, kamar fitsarin yaro ko jini. A mazhabar Malikiyya da ruwa tsantsa, wanda sabulu ko wani abu bai canza shi ba, ake gusar da najasa. Hanyar da ta fi kwantar da hankali ita ce ka wanke wurin a ƙarƙashin famfo har alamarta ta gushe, sannan ka haɗa da sauran kaya a inji. Hakan kuma ladabi ne ga wanda zai yi wanki bayanka. Keɓe riga ɗaya da sallaya mai sauƙin bushewa don salla yana rage yawan tunani. Mai son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa kafin tafiya.

Kaya nawa zan ɗauka in dai zan riƙa wanki?

Ko tafiyar ta kwana 14 ce ko 30, kayan mako ɗaya sun isa. Abin da ke takura ka ba jirgin ruwan ba ne, jirgin saman da zai kai ka tasha ne, wanda galibi kilo 23 yake ba akwati. Zaɓi yadi mai saurin bushewa: abin da aka wanke da dare ya bushe kafin safe shi ne abokin tafiya, auduga mai kauri da jins kuwa sai su kwana biyu a rataye. Kayan da launinsu ya yi kusa da juna suna shiga lodi ɗaya, ka huta da biyan inji biyu. Mai yara ƙanana ta ninka nasu, ta rage nata.

Ba zai fi araha in kai wankin cikin gari ranar da muka tsaya ba?

A biranen Turai da Amurka akwai shagunan injin wanki kusa da tasha, kuma ma'aikatan jirgi sun san su, tambaye su. Amma ka auna: ka biya kuɗi mai yawa don ka ga Basalona, sai ka ƙare da zaman awa biyu kana kallon inji yana juyawa. Ya fi dacewa da mai doguwar tafiya, ko wanda zai kwana a otal tsakanin jirgi biyu.

In ka yanke za ka yi, kada wankin hula ya kai ka dare. Ana so kowa ya dawo jirgi kamar minti 30 kafin tashi, agogon jirgi kuma wani lokaci yana bambanta da na garin. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa. Barin kaya a shago a ce ka dawo da yamma ya fi haɗari, domin in ba su gama ba, ko ka bar kayan ko jirgi ya bar ka.

Wani a ɗakinmu ya kamu da amai da gudawa. Mu kai kayan ɗakin wanki?

Kada ku kai. Ciwon cikin da ya fi yaɗuwa a jirage, wanda ƙwayar norobairos ke kawowa, yana bin hannu da tufafi da duk abin da aka taɓa, kuma man goge hannu bai cika kashe shi ba, sai wanke hannu da sabulu. Ku kira asibitin jirgi ta wayar ɗaki. Za su ce marar lafiyan ya zauna a ɗaki na ɗan lokaci, su turo masu tsaftacewa, kuma suna da jakunkuna na musamman da ake kwashe irin waɗannan kaya a wanke su daban da zafi mai yawa. Kafin su zo, a ɗaure kayan a leda, kada a karkaɗe su. In cutar ta yaɗu a jirgi, akan rufe ɗakunan wankin fasinjoji gaba ɗaya har sai ta lafa.

Yaushe ne wankin ƙarshe kafin sauka?

Kwana biyu kafin sauka. A daren ƙarshe ake fitar da akwatuna bakin ƙofa don ma'aikata su kwashe, ba za ka sake ganin naka ba sai a tasha, saboda haka abin da aka wanke a wannan dare ba inda zai bushe. Wankin da ake biya ma akan daina karɓarsa kwana ɗaya ko biyu kafin ƙarshe. Ranar tana cikin takardar shirye-shiryen da ake kawowa ɗaki kullum.

Abin da ya rage da danshi, kamar kayan ninƙaya, a naɗe shi a tawul a matse kamar yadda aka bayyana a amsar wankin hannu, a sa a leda mai zif a jakar hannu, a fito da shi da zarar an isa masauki. Kafin ka fitar da akwati, ware kayan da za ka sa da safe har da takalmi, sannan ka leƙa igiyar shawa da bayan ƙofar banɗaki, ka cire ƙugiyoyinka daga bango. In wani abu ya ɓace a ɗakin wanki, tambayi teburin kula da baƙi tun kana cikin jirgi, domin bayan sauka sai ta hanyar cike takarda a intanet, kuma kuɗin aiko maka da shi ya kan fi kuɗin rigar.